Hancin aksil da man giya: a ɗaga ko a bari, a juye da hannu ko a kai gareji?

Mai akori-kura da ke jigilar hatsi ko taki tsakanin Daura da ƙauyukan Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua ya san cewa da zarar an sauka daga kwalta a watan Agusta, sai an ratsa ruwa, ko korama ce da ta kawo bayan ruwan dare, ko kwari ne da ya cika ya kwanta a tsakiyar burji. Yawancinmu idan za mu shiga irin wannan ruwa hankalinmu yana kan inji, muna tsoron kada ya sha ruwa ya mutu a tsakiya. Amma akwai wurin da ruwa ke riga shiga tun bai kai ko kusa da inji ba, wato aksil ɗin baya, ƙarfen nan da ke haɗa tayoyin baya biyu yana juya su, kuma ɓarnar da yake yi a can ba ta bayyana a ranar, sai bayan makonni ko watanni. Zaɓi biyu nake son in auna a nan, domin a haɗe suke: a bar hancin aksil inda kamfani ya sa shi ko a ɗaga shi sama da tiyo, sannan mutum ya riƙa juye man aksil da na giya da hannunsa ko ya bar wa bakanike.

Abin da nake kira hancin aksil wani ɗan ƙarfe ne mai hula, wanda bai wuce kan ɗan yatsa ba, da aka ɗaura a saman bututun aksil kusa da tulun da ke tsakiya. Idan mota ta yi tafiya da kaya, haƙoran da ke cikin tulun suna gugar juna, mai yana zafi har ya kai digiri 80 ko ya wuce, iskar da ke saman man tana kumbura, to ta wannan hanci take fita. A Hilux da danginta hancin na asali yana da ɗan murfi a ciki wanda ke barin iska ta fita cikin sauƙi amma yake hana ta komawa. Tsayinsa daga ƙasa bai fi gwiwar mutum ba, kimanin santimita 45 a motar da ke kan tayoyinta na asali. Gaskiya ne kamfanin Toyota ya ce Hilux mai fowil da aka fara yi daga 2015 tana iya ratsa ruwa mai zurfin milimita 700, Ford kuma ya ce Ranger tasa milimita 800, amma wannan lissafi na motar da hancinta da robobinta ke da lafiya ne, ba ta da ta shekara 15 tana shan ƙura da lodi ba.

Ga yadda ruwan ke shiga. Aksil ya yi zafi, sai aka tsoma shi farat ɗaya cikin ruwa mai sanyi. Iskar da ke ciki, wadda ta sauko daga digiri 80 zuwa 25, tana tsukewa da kusan kashi ɗaya cikin shida, saboda haka cikin aksil ya koma yana zuƙo duk abin da ke kewaye da shi. Idan murfin hancin ya tsufa ko yashi ya tokare shi a buɗe, ruwa ya bi ta nan. Idan kuma murfin ya rufe ruf yadda aka tsara shi, zuƙar ba ta gushe ba, sai ta nemi wata kafa, wato oyil sil na gefen tayoyi da na bakin farfela, sandar da ke kawo juyi daga giya zuwa aksil. Leɓen waɗannan robobi ciki yake kallo, an yi su ne don su tsare mai kada ya fita, ba su da ƙarfi sosai wajen tsare abin da ke son shigowa daga waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma robar da ta sha zafin Afrilu shekara da shekaru ta riga ta bushe ta tsattsage.

Na ga wannan da idona a tawa motar. Bayan wata damina da na yi ta kai taki gona ta wata hanya mai kwari biyu, sai na fara jin wani gunji daga baya duk lokacin da na ɗaga ƙafa daga totur. Na kai wa wani dattijon bakanike da muka daɗe tare, ya shiga ƙarƙashi ya kwance notin ƙasa, ya tara tafin hannunsa. Abin da ya fara zubowa ruwa ne tsagwaronsa, kamar cokali uku, sannan wani abu mai kauri, launin shayi da madara, ya biyo baya. Ya miƙo mini hannun ya ce, "Malam, dubi abin da boris ɗinka ke wanka da shi tun Agusta." Na ce, "Baba, ai ban taɓa shiga ruwan da ya kai ƙofa ba." Ya ce ba sai ya kai ƙofa ba, ya kai tsakiyar taya ma ya isa. Boris biyu da sil uku aka canza a wannan aiki, mota ta kwana huɗu a gareji ana tsakiyar kaka, lokacin da aka fi bukatarta.

Duk da haka ba zan ce kowa ya tashi ya ɗaga hanci ba. Barin sa a wurinsa yana da hujja mai ƙarfi ga wanda motarsa ba ta barin kwalta, misali mai zirga-zirga tsakanin Katsina, Mashi da Daura, ko mai sauka Kano ta Kazaure. Hancin asali ba ya da tiyon da zai tsinke, ba ya da kilif ɗin da zai kwance, kuma hularsa tana kare ƙurar hunturu sosai. Abin da yake bukata kawai shi ne a duk sabis a miƙa hannu a murza hular, a ji tana juyawa tana rawa. Idan ta ƙame saboda taɓo, a kwance shi a wanke da kananzir, a busa, a mayar, ko a sayi sabo, domin ba ya cikin kayan mota masu tsada. Toshewarsa ita ce babbar illarsa a wajen mai bin kwalta: iska ta rasa mafita, sai ta tura mai ta cikin sil zuwa duram, man ya jiƙa lainin birki, birkin baya ya daina kamawa. Sau da yawa ana canza sil har sau biyu ko uku yoyon bai tsaya ba, alhali laifin na wannan ɗan hanci ne da ba wanda ya duba.

Wanda kuwa ruwa ke kai wa tsakiyar taya ko da sau biyar ne a damina, ɗagawa ta fi masa alheri, kuma aikin ba ya kai awa biyu. Ana wanke wurin tas kafin a taɓa komai, domin ƙwayar yashin da ta faɗa ramin cikin mai za ta zauna. A kwance hancin, a ɗaura ɗan bututun ƙarfe mai bakin tiyo a gurbinsa, a cusa tiyo a matse da kilif, a ja shi zuwa wuri mai tsayi. A nan akwai kuskuren da ke da saurin faruwa. Ramin aksil na Toyota yana da tiredi irin na Ingila, mai haƙora 28 a inci ɗaya, akwai kuma na Amurka mai haƙora 27 wanda ido ba ya bambanta su. Na Amurkan zai shiga zagaye biyu sannan ya cije, wanda bai sani ba ya sa sifana ya danna, ya ɓata ramin. Mafita ita ce a tafi shago da tsohon hancin a hannu, a haɗa haƙoransa da na sabon bututun a ga sun zauna cikin juna, sannan a fara ɗaurawa da yatsu kafin a kawo sifana.

Tsakanin harhaɗa kayan da kanka da sayen wanda aka shirya a kwali, ni na fi karkata ga na farko. Kamfanoni irin su ARB na Ostareliya suna sayar da saiti mai ɗan akwati guda da ke karɓar tiyo huɗu, na aksil biyu da giya da akwatin fowil (wanda ke raba juyi tsakanin tayoyin gaba da na baya), da filtarsa a haɗe. Kaya ne mai kyau, amma kuɗinsa da na kawo shi sun ninka na harhaɗawa sau da yawa, kuma idan wani ɗan bakinsa ya karye a daji babu inda za a samu madadinsa. Tiyon mai na baƙar roba mai faɗin milimita 6, wanda ake samu a kowane shagon kayan mota daga Daura har Ƙofar Ruwa a Kano, yana yin aikin daidai. Abin da ba ya yi shi ne farin tiyon nan da magina ke auna lebur da shi, domin tururin mai da zafi suna busar da shi, ya lanƙwashe ya toshe kafin shekara ta zagayo.

Abin da za a sa a bakin tiyo na sama shi ne inda ra'ayi ya fi rabuwa, kuma a nan ne yanayinmu ya sha bamban da na ƙasashen da aka fara wannan dabara. Wasu suna mayar da tsohon hancin can sama. Wannan yana kare ƙura, amma ya bar rabin matsalar a inda take, tun da murfinsa ba ya barin iska ta koma, aksil zai ci gaba da zuƙa ta sil idan ya shiga ruwa. Wasu suna barin bakin a buɗe su lanƙwasa shi ƙasa, wanda shi ne mafi muni a ƙasarmu, ba don ƙurar hunturu kaɗai ba, har da zanzaro. Duk wanda ya taɓa ajiye mota mako biyu a rumfa ya san zanzaro ba ya ganin ƙaramin rami ya wuce, sai ya cika shi da laka ya yi ɗaki, kuma tiyon da zanzaro ya toshe daidai yake da hancin da taɓo ya ƙame. Hanya ta uku, wadda nake bi, ita ce ƙaramar filtar fetur ta babur, mai jikin roba da ake hango takardar ciki. Iska tana shiga tana fita ta cikinta, ƙura tana tsayawa, ana ganin lokacin da ta yi datti, kuma sabuwa tana nan a wurin kowane mai gyaran babur. Bakinta na waje a juya shi ƙasa, a ɗaure masa ɗan ƙyallen gidan sauro saboda ƙwari.

Game da inda za a kai tiyon, gajeriyar hanya ita ce bayan fitilar baya ko kusa da wuyan tankin mai, inda ake samun tsayin da ya kusa mita ɗaya da tiyo ɗan kaɗan. Doguwar hanya ita ce a bi shasi har cikin bonet. Ta bonet ta fi tsayi kuma ido yana kai wa filtar kullum da safe idan ana duba ruwa da baƙin mai, amma tana cin tiyo mita huɗu zuwa biyar, kuma kowane lanƙwasa wuri ne da tururin mai zai iya taruwa ya toshe hanya. Bayan fitila ya wadatar da mai ratsa korama ta yau da kullum, sai dai wurin yana tara ƙura, don haka filtarsa tana son canji sau biyu a shekara. Kowace aka zaɓa, tiyon ya yi nesa da salansa, ya riƙa hawa ba tare da ya yi kwari a tsakiya ba, kuma a bar masa sarari tsakanin aksil da shasi, domin aksil yana sauka idan taya ta faɗa rami. A ɗaga shasi da jak har tayar ta yi reto, a ga tiyon bai miƙe tsam ba, kamar dai yadda kamfani ya bar wa tiyon birki nasa sararin. Tiyon da ya fizge ya bar rami a buɗe ya fi hancin asali haɗari nesa ba kusa ba, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ɗaga hanci yana rage shigar ruwa ƙwarai, amma ba ya gyara sil ɗin da ya riga ya mutu, kuma ba ya gaya wa kowa halin da man ciki yake. Wannan ne ya sa zaɓi na biyu ya fi na farko nauyi a wurina. Bakanike nagari yana da abin da mai mota ba shi da shi: kunnen da ke rarrabe kukan boris da na haƙora, rami ko gadar shiga ƙarƙashi, da dabarar fitar da notin da kansa ya cinye. Amma a gareji mai cunkoso juyen man aksil aikin yara ne, maigida ba ya tsayawa a kai, kuma mai mota yana zaune a benci bai ga abin da ya fito ba, bai ga abin da aka zuba ba. Wanda ya yi da hannunsa yana ganin launin man, yana shinshina shi, yana taɓa abin da ya maƙale a noti, kuma shi ya yanke hatimin galan da kansa. Kuɗin aikin da ake ragewa ba shi da yawa, ribar tana cikin wannan gani da ido.

Aikin kansa ba ya da wuya. A ɗan zagaya da mota minti goma mai ya yi ɗumi, a tsaya a wuri mai lebur, a ja birkin hannu a sa waigi. Akori-kura tana da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashinta a kan tabarma ba tare da jak ba, kuma kada wanda ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Notin sama, na zubawa, shi ake fara kwancewa, domin wanda ya fara da na ƙasa ya tsiyaye mai sannan na sama ya ƙi kwantuwa ya tsayar da motarsa da kansa. A Hilux kan notin milimita 24 ne, kuma soket mai kusurwa shida ya fi sifana mai buɗaɗɗen baki, wadda ke zamewa ta cinye kan. Bayan mai ya tsiyaye, a goge notin ƙasa, a sa sabuwar washa, a ɗaure. Toyota ta ƙayyade ƙarfin ɗaurin a 49 Nm, wato ɗauri na hannu ɗaya mai ƙarfi, ba na taka sifana da ƙafa ba. Sai a tura sabon mai da ɗan famfon hannu ko gora mai tiyo har ya fara dawowa ta bakin ramin sama. Yawansa ya danganta da samfurin motar. Idan mota ta karkata a gangare za a cika fiye da kima, man ya yi kumfa ya riƙa fita ta hanci.

Notin ƙasa yana da mayen ƙarfe a bakinsa, kuma abin da ya kama labari ne. Laushin toka-toka mai kama da kwalli cin yau da kullum ne, ba abin damuwa ba. Ɓarɓashi mai kaifi da yatsa ke ji, ko ɗan guntun ƙarfe mai sheƙi, alama ce ta boris ko haƙori ya fara ɓarewa, kuma daga nan aikin ya bar hannun mai mota ya koma na bakanike. Idan ana shakkar ruwa amma launin bai nuna sosai ba, a ɗiga man a kan ƙarfe mai zafi: mai tsabta zai baje shiru yana hayaƙi, mai ruwa zai yi ta ƙara kamar an yarfa ruwa a kaskon ƙosai. Aksil ɗin da ya sha ruwa ana cika shi da mai mai araha, a yi tafiyar kilomita 30 ko 50, a sake juyewa, sannan a zuba na zama. Ba a wanke cikinsa da fetur. Tsohon man kuma a zuba a jarka a kai gareji, kada ya shiga kwata ko ya kusanci rijiya.

Wajen zaɓen mai, abin da ba a sassauci a kansa shi ne alamar GL-5 a jikin galan na aksil. Haƙoran aksil ba birgima kawai suke yi a kan juna ba, suna zamewa da matsi mai tsanani, kuma sinadaran da ke cikin GL-5, masu warin nan na farar wuta, su ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Baƙin man inji ba ya da su, balle wanda aka riga aka juye daga wata mota. Game da kauri, masu shago za su tambaya ko 90 ake so ko 140. Mai 85W-140 yana riƙe kaurinsa a zafin bazara ƙarƙashin lodi mai nauyi, yana kuma rage kukan tsohon aksil, amma yana ƙara wa mota ja da shan mai. Mai 80W-90 shi ya fi dacewa da abin da littafin tsofaffin Hilux ya nema, sababbi kuma littafinsu na neman 75W-85. Ni ina bin littafi, sai motar da kullum take ɗauke da buhuna fiye da ƙa'ida nake ba shawarar 140. Mai na sintetik yana daɗewa, amma ga mai ratsa ruwa tsadarsa asara ce, tun da ruwa ba ya bambanta mai tsada da mai araha, duka zubar da su za a yi. Gara mai matsakaici na kamfani sananne, a rufaffen galan, a riƙa canzawa a kai a kai, da wanda ake aunawa da kwalba daga buɗaɗɗen duro. Motar da aksil ɗinta ke da alamar LSD kuwa, wato irin wanda ke hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai idan ta zame, tana son man da aka rubuta wa LSD, in ba haka ba za ta riƙa kakkarwa a kwana.

Giyar hannu da akwatin fowil da aksil ɗin gaba duk tsarinsu ɗaya ne, noti sama noti ƙasa, kuma wanda ya iya na baya ya iya su. Bambancin da za a kiyaye shi ne giyar hannu tana da zobban tagulla da ke daidaita shigar giya, kuma da yawa daga cikinsu GL-4 suke so, don haka ba a zuba ragowar man aksil a ciki sai littafi ya yarda. Giya mai sarrafa kanta ita ce ba na ba mai mota shawarar ya taɓa. Sababbinta ba su da sandar auna mai, ana daidaita yawan man ne a wani ƙayyadadden zafi da na'ura ke karantawa, kuma kuskuren rabin lita yana iya jawo gyaran da ya fi kuɗin aikin shekara goma. Wannan a kai wa wanda ya ƙware a kanta yana da na'urar.

Littattafan Hilux da yawa suna sa canjin man aksil a kilomita 40,000, amma lissafin kilomita ba ya ganin korama. Ga motar ƙauye na fi amincewa da lissafin damina. A watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, a duba sil, a canza filtar hanci, a buɗe notin sama a tsoma yatsa a ga mai ya kai baki, a kuma matsa giris a gwiwoyin farfela har sabo ya turo tsohon waje. Duk ranar da ruwa ya haura tsakiyar taya, a bar motar ta kwana, da safe a sassauta notin ƙasa kaɗan a ga abin da zai fara ɗigowa, domin ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya. A watan Oktoba kuwa, kafin a fara kwasar gero da wake daga gona, a juye man gaba ɗaya ko da launinsa bai canza ba, a sake bin tiyon da hannu daga aksil har filta a tabbatar kowane kilif yana nan a ɗaure.